Ni da tsiron nan mai kunya

Yau ban leƙa ko ƙofa ba, rabin wunin ya tafi a kan wani ɗan tsiro da ƙanwata ta kawo min a tukunya, Mimosa pudica sunansa, asalinsa daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Da safe na ɗan taɓa ganye ɗaya, kafin in janye yatsa ƙananan ganyen sun fara haɗewa bibbiyu har ƙarshe, da na dungure shi da ƙarfi kuwa sai reshen duka ya langaɓe kamar yaron da aka yi wa faɗa. Na duba agogo, sai da ya yi wajen minti 15 kafin ya ware.

Abin da ya tsaya min a rai, abu ba tsoka ba jijiya to da me yake motsi? Ashe wai ruwa ne kawai. A gindin kowane ganye akwai ɗan kumburi, pulbinus masana ke ce masa, ƙwayoyin halittar cikinsa cike suke tam da ruwa kamar balan-balan, cikar nan ce ke riƙe reshen a miƙe. Kana taɓawa wani ɗan saƙon lantarki zai ruga cikin tsiron tare da sinadarin kalsiyam, yana isa kumburin sai ƙwayoyin ɓangaren ƙasa su buɗe ƙofofinsu su watso sinadaran gishirin da ke cikinsu, wato fotasiyam da kuloraid, waje, shi ko ruwa dama inda gishiri ya fi yawa can yake bi, sai ya tsiyaye ya bi bayansu. Ƙasan kumburin ya sace, samansa na nan a cike yana danno shi, shi kenan reshe ya faɗi. Komawar ce mai wuya don sai ya sake jawo gishirin ciki, kuma ƙarfinsa yake ƙonawa.

Wallahi nan na ji kunya, na taɓa shi ya fi sau goma don nishaɗi kawai, alhali shi dabarar korar ƙwari ce yake yi. Ko da yake ba ni na fara ba, Jagadish Chandra Bose, wani masanin kimiyya ɗan Indiya, tun farkon shekarun 1900 yake jona masa waya yana auna lantarkin.

Bayan isha'i na haska shi da tocilan waya, ya naɗe ganyensa da kansa ba wanda ya taɓa. Yatsana ya yi ƙaiƙayi amma na kashe fitilar.