Saƙon Alhamis

Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a gefen birnin Kano, irin unguwar da gine-gine suka fara cinye gonaki amma har yanzu magidanta da yawa na fita noma da damina. Da aka dawo daga dogon hutun korona na 2020, hedimasta ya ƙara mini wani aiki a kan ajina: ni ce zan riƙa sanar da iyaye duk abin da ya shafi makaranta. An buɗe makaranta amma benci ya ƙi cika, kuma da muka shiga lunguna muka tarar wasu gidajen ba su ma ji an koma ba. Wasu sun ji, amma suna jiran wanda suka sani ya tabbatar musu.

Kafin nan takarda muke bai wa yara su kai gida, da Turanci. Wata ta kwana a jaka har ta yage, wata ta ƙare a hannun mai ƙosai. Wadda ta isa gida kuma uba ake nufi da ita, alhali shi ya fita tun bayan asuba, sai bayan isha'i zai dawo. Uwa ce ke tashin yaro, ta yi masa wanka, ta san ko yana da fensir, ta san ko ya kwana da zazzaɓi, amma ba da ita ake magana ba. Abin da ya fi damuna shi ne, takardar makaranta ba ta zuwa gida sai da ɗayan biyu, ko ana neman kuɗi ko yaro ya yi laifi. Duk uban da ya ga ɗansa ya miƙo takarda, ransa ya riga ya ɓaci kafin a karanta masa.

Na fara da lambobin waya. Na buɗe littafi aji-aji, kowane yaro da gurbi biyu: lambar uba, da lambar wanda ke gida da rana, ko uwa ce, ko kaka, ko yaya, ko maƙwabciya. Gurbi na biyun ne ya ba ni aiki, don ba kowane magidanci ne zai miƙa lambar iyalinsa haka kawai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Hedimasta ya je wurin mai unguwa da liman, aka yi bayani a masallaci cewa malamai mata ne kaɗai za su riƙe lambobin mata, kuma ba za a kira ba sai a kan yaro. Wani dattijo ya zo har ofis ya ce mini, "Malama, amana ce na ba ki." Na ce, "Baba, da yardar Allah ba za ka ji wani abu ba." Har yau littafin nan a kulle yake, kuma ko ɗan siyasa ko mai talla bai taɓa samun lamba ɗaya daga cikinsa ba, duk da an nema.

Daga nan saƙon Alhamis ya samo asali. Kowace Alhamis bayan an tashi, nakan zauna in yi saƙon murya da Hausa, wanda bai kai minti biyu ba, in tura zauren WhatsApp da ba mai iya rubutu a ciki sai ni da hedimasta. Sallama, abin da aka yi a makon, abin da ke tafe, sai abin da muke roƙo daga gida. Na zaɓi Alhamis ne don liman ya samu abin sanarwa ranar Juma'a idan da muhimmin abu. Gidajen da ba babbar waya kuwa, ƙungiyar iyaye mata ta zaɓi mace ɗaya a kowane lungu, ita ke kunna saƙon a wurin markaɗe ko a Islamiyyar matan aure, ko ta leƙa gida-gida. Waɗannan matan su ne ƙashin bayan aikin, kuma ba a biyansu ko sisi.

Makonni da yawa babu wani babban labari. 'Yan aji biyu sun fara haɗa baƙi da wasali, an gyara famfo, a yanke wa yara farce, sanyi ya shigo a sa musu riga a ƙarƙashin kayan makaranta. Wata malama ta taɓa tambayata amfanin saƙo a makon da ba komai. Ni kuwa a ganina saƙon irin wannan makon shi ne mafi amfani, domin shi ke sa mutane su saba da muryar makaranta ba tare da gabansu ya faɗi ba. Ranar da abu ya taso, muryar da suka sani ce za su ji.

Maganar ɗaukar sababbin ɗalibai tun watan Agusta nake fara ta, don a Satumba hankalin magidanta na gona. Abu uku nake nanatawa har sai an gaji da ni. Na ɗaya, rubuta sunan yaro kyauta ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, kuma Jihar Kano ta sake jaddada haka a 2019. Sai da na riƙa faɗin haka a fili, saboda mun gano akwai masu karɓar ɗan wani abu a hannun iyaye da sunan za su sama wa yaro gurbi. Na biyu, shekara shida ake shiga aji ɗaya, ƙanana kuma akwai ajin share fage. Na uku, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa muna son ta, amma rashinta ba ya hana a rubuta yaro. A zo da shi, a zo da katin rigakafinsa in akwai, sai mu nuna inda ake yin takardar.

Wannan na ukun ya fi taɓa iyalan da suka baro ƙauyukan Zamfara da Katsina saboda 'yan bindiga, suka raɓe a gidajen haya da kangaye. Sun fito ba takarda ko ɗaya, kuma sun ɗauka makarantar ta 'yan gari ce. Ba su cikin zauren kowa, ba wanda ya san lambarsu. Matan lungu ne suka gano mana su. Na tuna wata baiwar Allah da ta zo da yara uku ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa, sai da na fita na ce, "Yaya, shigo mana, nan ma gidanku ne." Babbar cikin yaran ta kai shekara goma ba ta taɓa riƙe fensir ba, yanzu kuwa ita ke karanta wa uwarta saƙon waya.

Jarrabawa ita ce wurin da na fi koyon abu. Tambayar da kowane uba ke yi ranar ba da sakamako ɗaya ce: "Na nawa ya zo?" A ajin da ya kusa ɗari, yaro na iya zuwa na ashirin bai iya karanta layi ɗaya na Hausa ba, don waɗanda ke bayansa ma ba su iya ba. Sai muka shigo da ɗan gwaji mai sauƙi a farkon zango. A zaunar da yaro shi kaɗai, a ga ko ya san haruffa, ko yana haɗa gaɓa, ko yana karanta kalma, ko ya kai ga ɗan gajeren labari. Haka ma lissafi. Abin da muka gani shi muke gaya wa iyaye, baki da baki, ba a zaure ba. Sakamakon yaro ba ya shiga zaure ko da shi ne na ɗaya, domin gidajenmu akwai kishiyoyi, akwai 'yan uba, kuma abin da aka faɗa don yabon wani kan zama gorin wani.

Faɗin gaskiyar nan da nauyi. Wani magidanci ya dube ni ya ce, "Malama, shekara huɗu yaron nan yana zuwa kullum, sai yau za ki ce mini bai iya karatu ba?" Yana da gaskiyar ɓacin rai. Na bar shi ya gama, sannan na nuna masa inda yaron ya tsaya da abin da za mu yi a aji, na roƙe shi abu biyu: kar a dake shi, kuma a samu wani a gida ya zauna da shi minti goma bayan magariba, ko da yayarsa ce 'yar sakandare. Tun daga lokacin ba na faɗa wa kowa matsalar ɗansa sai na haɗa da abin da zai iya yi a daren ranar. Idan aka ba mutum labari mara daɗi aka bar shi hannu rabbana, a kan yaron zai huce.

Iyaye da yawa kuma ba su san maki ba a ranar jarrabawa kaɗai ake samunsa ba. Gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin aji suna da kasonsu. Yaron da aka tafi da shi biki ƙauye mako biyu, ko aka riƙe shi roron gyaɗa da kaka, ya yi asarar makin da ba zai dawo ba. Da na fara sanar da makon gwaji tun da sauran lokaci, sai ga uwaye na ɗaga tafiya da kansu, wasu na rage wa 'yan mata tallan safe a makon.

'Yan aji shida kuwa sai na tara iyayensu daban, saboda jarrabawa biyu ce ake cakuɗawa. Akwai ta jiha, wadda makaranta ke shirya yara a kai don shiga ƙaramar sakandare. Akwai kuma wadda hukumar NECO ke shiryawa don shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, irin ta Kano ko ta 'yan mata da ke Kazaure, wadda ake cike ta ta intanet a biya kuɗi, kuma sai iyaye sun nema. Gidaje da yawa ba su taɓa jin ta biyun ba sai bayan an rufe. Yanzu da an buɗe nake sanarwa, in kuma ja kunne a tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na rajistarmu, don harafi ɗaya da aka sauya a shagon kwamfuta kan bi yaro har jami'a.

Tsaro shi ne abin da ke hana ni barci. Na karɓi aikin ba da jimawa ba aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, sai Jangebe a Fabrairun 2021, sai 'yan Islamiyya ƙanana a Tegina a watan Mayu. Farkon 2022 kuma Kano ta girgiza da labarin yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe. Wannan ya fi kowanne yi mana illa, domin ya sa iyaye sun fara duban malami da wani ido. A makon nan ban yi shiru ba. Na yi ta'aziyya a saƙon Alhamis, sannan na faɗi ƙa'idojinmu dalla-dalla: ƙananan yara ba sa fita sai da wanda muka sani, ba malamin da zai riƙe yaro bayan an tashi ba da sanin gida ba, kuma a koya wa yara duk wanda ya ce "babanka ne ya aiko ni" su koma wurin maigadi. Ba ma kuma sallamar yara kafin lokaci ba sanarwa, don uwa na iya kasancewa ta tafi unguwa, yaro ya tarar da gida a rufe ya shiga gari.

Bayan abin da ya faru a Kuriga ta Jihar Kaduna a Maris na 2024, inda aka tafi da yara sama da ɗari da safe, har da 'yan firamare, zukata sun yi rauni ƙwarai. Wata safiya wani tsohon bidiyo ya zagaya wayoyin unguwa da cewa a yankinmu ne. Kafin ka ce kwabo mata sun fara fitowa, wasu ko takalmi babu. Haɗarin da na hango a lokacin turmutsutsu ne a bakin ƙofa, da yaran da za su faɗa titi a guje. Hedimasta ya sa aka tsayar da kowa a ajinsa, ya kira mai unguwa da ofishin 'yan sanda, ni kuma na fita tsakar makaranta na yi saƙo ana jin hayaniyar karatu a bayana. Na faɗi abin da idona ya gani kawai: yara na aji, ƙofa a rufe, ba abin da ya faru a nan, wadda hankalinta bai kwanta ba ta zo a nutse za mu nuna mata ɗanta. Matan lungu suka tari mutane a hanya suna kunna musu. Da yawa suka juya. Wata ta ce mini daga baya, "Da na ji muryarki ce, sai na zauna." Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai in an san bakin tun kafin ranar.

Yardar nan kuwa ba ta ɗorewa idan labarin daɗi kaɗai ake bayarwa. Ranar da mai babur ya buge mana yaro a tsallaka titi, gidansu muka fara kira, aka kai shi asibiti, sannan na sanar a zaure ba tare da ambaton suna ba, na faɗi inda abin ya faru da halin da yake ciki. Daga wannan saƙon ne kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, ya samo matasa biyu masu tsallakar da yara safe da rana. Lokacin annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta fi tsananta a Kano, na riƙa maimaita alamominta, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, da roƙon a garzaya asibiti kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Duk sa'ad da ma'aikatan lafiya za su zo rigakafi, sai na sanar kwanaki kafin nan, in faɗi ko na mene ne, in gayyaci mai tambaya ya zo ya yi ta da bakinsa. Allurar da aka yi wa yaro ba da sanin gida ba, ko ta alheri ce, tana iya ɓata abin da aka daɗe ana ginawa.

Aikin yana da tsadarsa. Kuɗin kati da data daga aljihuna suka riƙa fita kafin kwamiti ya karɓa, kuma sai da na roƙi a daina kirana bayan isha'i in ba larura ba. Na kuma lura bai kamata komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba, tunda ana iya yi mini canjin makaranta kowane lokaci. Shi ya sa yanzu muke karɓa-karɓa da wata malamar aji uku, mako nawa mako nata, don iyaye su saba da muryarta ita ma. Littafin lambobin kuma kowane farkon zango muke sabunta shi, saboda mutane na sauya layi, 'yan haya na tashi, kuma sababbin gidajen da ake ginawa bayan makaranta har yanzu ba mu samu macen da za ta riƙe mana lungunsu ba. A taron iyaye mata na wata mai zuwa wannan ce maganar farko da zan gabatar.