Godiya ga waɗanda suka yi haƙurin jiran amsarsa

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Asabar aka yi walimar ɗana, ya haɗa izu biyar, an taru lafiya an watse lafiya. Ni da maigidana muna godiya ga 'yan uwa da maƙwabtanmu na Tudun Wadan Zariya, da waɗanda suka taso daga Samaru da Sabon Gari da cikin birni. Allah ya bar zumunci.

Wani zai ce izu biyar har da walima? Wanda ya san inda muka fito ba zai faɗi haka ba. Yaron nan yana da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. In ka yi masa tambaya sai ya yi shiru, ya kafa ido a ƙasa yana murza bakin rigarsa, amsar ba za ta fito ba sai ka riga ka juya. An ce kurma ne, an ce taurin kai ne, an ce iska ce. A wata makaranta ya sha bulala har ya kai in ya ga yunifom sai kuka.

Babbar godiyata ga likitar da ta duba shi a asibitin koyarwa na Shika. Ta ba shi ƙananan tubala ya jera su daidai da zane, ya jera tsaf. Da ta ba shi alamomi ya kwafa cikin minti biyu, ko rabi bai kai ba. Ta ce min, "Hajiya, ɗanki yana ganewa. Lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ɗauka kafin ta karɓi magana, ta juya ta, ta mayar da amsa, shi ne ya fi na sauran yara tsawo." Wallahi a nan na zubar da hawaye, don ban taɓa jin wani ya raba rashin sauri da rashin basira ba.

Ta bayyana min cewa a yara da dama masu wannan lalura, ƙwaƙwalwa kan yi saurin girma fiye da ƙima a shekaru biyun farko. Sannan yayin da yaro ke tasowa, ƙwaƙwalwa kan rage mahaɗan jijiyoyin da ba ta buƙata. Wani bincike na Jami'ar Columbia ta Amurka a 2014 ya gano cewa a masu otizim wannan ragin bai cika yin yawa ba, mahaɗan sun fi na sauran yara yawa. Yadda na fahimce ta, kamar cunkoson Kwangila ne da yamma: motar za ta iso, sai dai ba a lokacin da kake so ba. Ta kuma ja kunnena cewa ba duka suke ɗaya ba, akwai masu saurin gane zane ko lissafi har su ba ka mamaki. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, ke nan a unguwanninmu ma ba mu kaɗai ba ne.

Sai Malam na Islamiyya, Allah ya saka masa da Aljanna. Na kai masa shawarar likita ina ɗari-ɗari: a gajarta magana, a faɗa sau ɗaya, a jira kamar daƙiƙa goma, kada a sake ta da wasu kalmomi don hakan na mayar da yaron farko. Bai ce min komai ba sai "To, Maman yara." Tun daga ranar, in ya biya masa aya sai ya ja carbi goma a hankali kafin ya sake buɗe baki, ya kuma hana sauran ɗalibai yi masa riga-malam.

Inna, na gode. A wurin walimar, da aka ce yaron ya karanta Suratul Jumu'a ya yi shiru, wasu suka fara ɗora masa, kika ɗaga hannu kowa ya tsaya, har ya ja bisimilla da kansa ya kai ƙarshe. Yayyensa kuma, da suka koyi rage ƙarar talabijin in za a yi masa magana, Allah ya yi muku albarka.

Iyayen da suka ja ni gefe a wurin walima suna tambaya game da nasu yaran, ku kai su asibiti a duba, kuma ƙofar gidanmu a buɗe take. Allah ya raya mana zuri'a baki ɗaya, amin.