Na ƙirga tutoci, ban ga wadda ke gefena ba

Ni ce na kawo shawarar tutocin, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

A watan Satumba na 2023 aka zaɓe ni shugabar ƙungiyar ɗalibai masu adawa da zubar da ciki a jami'armu da ke jihar Ohio. Ni kaɗai ce Musulma, sauran kusan duk 'yan Katolika ne. Ranar da na fara shiga ɗakin taronsu da hijabina sun ɗauka ɓatan kai na yi. Na ce musu a Malikiyyar da na tashi a cikinta an fi tsanantawa a kan wannan magana, ga shi kuma aikin jinya nake karanta. Tun daga nan muka zama ɗaya.

Lokacin gari ya ɗau zafi. Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba da 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar, a ranar 24 ga Yuni, 2022, ta mayar da magana hannun jihohi, ga Ohio kuma za ta kaɗa ƙuri'a ranar 7 ga Nuwamba a kan saka 'yancin zubar da ciki cikin tsarin mulkin jihar. Kowa na son mu yi abin a zo a gani. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun saba jera ƙananan gicciye a filin makaranta don tunawa da 'yan tayin da aka zubar, ni kuwa na ce a yi da tutoci, shuɗi da ruwan hoda, don kowa ya ji da shi ake. Aka tafa mini, kaina ya kumbura. Kuɗin da majalisar ɗalibai ta ware mana na shekara na zuba kusan duka a tutoci da alluna, ɗan ragowar na ajiye na motar zuwa Washinton.

Da asubar da muka kafa su, wata 'yar aji biyu ce ke miƙo mini ina sokawa a ciyawa. Ba ta taɓa fashin taro ba. Sau biyu ta zaga bayan shuke-shuke ta yi amai. Ni da ake koya wa aikin jinya, abin da na ce mata shi ne, "Sanyi ne, je ki sha shayi." Da ta dawo, tana jan hannun rigar sanyinta, ta ce, "Idan wata a cikinmu ce fa, me ƙungiya za ta yi mata?"

"Ai za mu tsaya mata," na ce, idona na kan layi na goma sha huɗu da ya karkace.

"Da me?"

Wallahi dariya na yi. Na zaci tana gwada ni ne da irin tambayoyin da masu adawa da mu ke jefo mana a teburin wayar da kai.

Kwana biyu tsakani wasu suka tuge rabin tutocin da dare. Na shafe mako guda ina rubuta ƙorafi ofis-ofis. Ƙuri'a ta zo, kusan kashi 57 cikin 100 suka goyi bayan gyaran, muka sha kaye. Duk wannan bai dame ni yanzu ba. Ita kuwa 'yar aji biyun nan tun ƙarshen Nuwamba ta daina zuwa, ban ma tambaya ba.

Ranar 19 ga Janairu, 2024, muna tsaye cikin dusar ƙanƙara a wurin March for Life, tattakin masu adawa da zubar da ciki da ake yi duk shekara a Washinton, saƙonta ya shigo. Cikin ya haura wata biyar. Ta janye daga makaranta, ta koma gidan mahaifiyarta, tallafin karatunta ya tafi. Wani malami ya ce mata fashi fashi ne, ko na asibiti ne, kuma ɗakin kwanan ɗalibai ba a zama da jariri. Ta rufe da cewa, "Na tambaye ki ranar tutoci."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar ba ta da wuya. Akwai dokar Title IX tun 1972: makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon ware ɗaliba saboda ciki, dole ta karɓi uzurin fashin da likita ya ce ya zama dole, ta kuma mayar da ita inda ta tsaya idan ta dawo. Ofishin da ke kula da dokar yana ginin da nake wucewa kullum. A dare ɗaya na karance wannan. Na haddace makon da zuciyar ɗan tayi ke fara bugawa, amma wannan ban sani ba.

Da muka dawo na juya akalar ƙungiyar. Muka rubuta takarda mai shafi ɗaya: ofishin Title IX, yadda ake neman tallafin abinci na WIC, yadda ake neman Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi), ɗakunan shayarwa da ke cikin makaranta. Muka manna a bayan ƙofofin banɗakin mata, inda ba mai ganin wadda ta tsaya karantawa. Muka tsara jadawalin riƙe wa ɗalibai masu goyo yara lokacin jarrabawa. Mutum uku suka fice, wai na mayar da ƙungiyar gidan raino. Su je, Allah ya raka taki gona.

Duk wadda za ta karɓi irin wannan shugabanci, kafin ki sayi tuta ko ɗaya, ki ware kuɗin da ba a taɓawa, ki san sunan ma'aikacin ofishin nan da lambar ɗakinsa. Idan kuma wata ta yi miki tambaya da "idan wata ce fa", ki ajiye abin da ke hannunki ki dube ta.

Ta haihu a watan Mayu, namiji. Ta turo mini hoto, na tura mata takardar nan da bayanin yadda ake neman komawa. Ta ce ta gode. Har na gama makaranta ba ta dawo ba. Kwali biyu na tutocin suna nan ƙarƙashin gadona, na kasa zubarwa, na kuma ƙi ba wadda ta gaje ni.