Zanen da zai jure Damagaram

Abin da na lura da shi wajen sayen kayan Sallah a garin nan shi ne, muna tambayar komai banda wata. Mace za ta tambayi me ake yayi, wace ta sa a Kano, wace ta sa a Yamai, nawa ne turmi, amma da wuya ta tsaya ta ce, "Wai shin a wane wata ma Sallar za ta faɗo?" Alhali Sallah ba ta zama wuri guda. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2013 cikin Agusta muka yi ƙaramar Sallah, ana tsallake taɓo zuwa idi. A 2019 farkon Yuni ce, a 2022 farkon Mayu. Ta 2024 kuwa a Afrilu ta faɗo, tsakiyar bazara, duk wadda ta tsaya kallon hawa a ƙofar fada cikin leshi mai duwatsu ba sai an tuna mata ba. Ta 2026 kuma wajen 20 ga Maris. In Allah ya kai mu 2030, a farkon Fabrairu za a yi ta, da hazo da sanyin safe, a lokacin ne mai shadda mai kauri za ta ci kasuwarta.

Shi ya sa ni nake fara lissafina da kalanda, sannan ruwa, sannan kuɗi. Yayi shi ne na ƙarshe, in ya samu wuri ya shiga.

Ba ƙin kwalliya nake ba, kowa ya san ni a biro ya san ba na fita da kallabin da bai zauna ba. Amma hoton da ake turo mana a WhatsApp, yarinya ta sha riga mai ɗame ciki da hannu mai kumburi, a ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyi, aka ɗauke shi. Daga ɗakin sai mota, daga mota sai zauren biki. Ni daga Garin Malam zan hau kabu-kabu da rana tsaka, a watan da zafi ke wuce digiri 40 tun kafin azahar. Leshin zamani yawancinsa zaren roba ne, kuma shara-shara yake, dole tela ya sa masa shafi, shafin ma na roba. Kin ga biyu ke nan a jikinki, kamar kin naɗe kanki cikin leda. Zufa ba ta da wurin fita, kafin la'asar ƙurajen zafi sun feso a wuya da bayan kafaɗa. Auduga kuwa tana shan zufa ta sake ta, iska ta ratsa. Innata ba ta taɓa shiga lakkol ba, amma da ta murza bakin zane tsakanin yatsu biyu za ta ce miki, "Wannan na bazara ne," ko "Ajiye shi sai ɗari." Ban taɓa ganin hannunta ya yi ƙarya ba.

Sai maganar ruwa, wadda baƙi ke dariya idan na ambata a hirar tufafi. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga baya kuma Ganaram. Duk da haka akwai unguwannin da in bazara ta yi tsanani sai a raba dare ana jiran famfo, ko a bi ƴan garuwa da kuɗi a hannu. To, a irin wannan gida, zanen da zai yi ta zuba sai an ɗauraye shi sau da yawa shi kaɗai, ba zane ba ne mai arha ko da jika biyar kika saye shi. Farin leshi kuwa, ki sa shi ki bi ta Zango da yamma iska na kaɗa ƙura, ki dawo ki duba gefensa. Ni dai kalar da ke ɓoye ƙura nake nema: ruwan ƙasa, ruwan goro, kore mai duhu, shuɗi mai zane-zane da yawa. Fari na bar shi ga mayafin Juma'a.

Shadda ita ce sarauniya, ba na musu. Gezna ta gaskiya daga Ostiriya take zuwa, kamfanin Getzner ke saƙa ta, auduga ce tsantsa, kuma idan matan Bamako suka rina ta, ki sa ki shiga taro sai an ji ƙarar tafiyarki kafin a gan ki. Amma shadda tana da hidima. Wanki ɗaya ƙyallin ya ragu, sai an sa mata ƙaro ko sitati, a kai wa mabuga su daka ta a kan gungume kafin ta dawo hayyacinta. Saboda haka tawa ba na yawan wanke ta. In na dawo daga biki sai in juya cikinta waje, in rataye a inuwa ta sha iska, in goge wuya da ɗanyen tsumma, in turara ta da turaren wuta, in linke. Humra kuma a jiki nake shafawa, ba a kan shadda ba, don mai ne da ita, in ya zauna a kan rini ya zauna ke nan.

Kasuwar Dole nake zuwa, kuma ba ranar Alhamis ba in dai zane zan saya. Alhamis ranar babbar kasuwa ce, mutanen ƙauye sun cika ko'ina, mai shago ba shi da lokacin sauko miki da turmi goma ki zaɓi guda. Da safen Talata kuwa har kujera zai ba ki. Akwai wani Alhaji da nake saye wurinsa tun ina budurwa, ya san halina. Da ya ga na ciro farin hankici daga jaka sai ya ce, "Malama, yau ma sai an yi mana jarrabawa?" In ce, "Alhaji, amana ce ta sa nake gwadawa a gabanka, ba a bayanka ba." In jiƙa hankicin in goga a gefen zanen, in ya ɗauko kala na san abin da zai yi mini a bokiti. Sannan in juya zanen. Atamfar da aka buga da kaki, irin Holan ta Vlisco ko ta Uniwax ta Abijan, ciki da waje kusan ɗaya suke, kalar ta ratsa. Wadda aka buga a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari ne. Rubutun da ke bakin zane kada ya ruɗe ki, masu kwaikwayo sun fi iya shi da komai. In kuma kina shakkar auduga ce ko roba, ki zare zare ɗaya ki kunna masa ashana a gida. Auduga za ta ci ta zama toka, tana warin ƙonanniyar takarda. Roba za ta narke ta dunƙule ta yi tauri.

Ba ina cewa kowa ta sayi Holan ba ne. Ni ma guda nawa gare ni? Ta China, irin su Hitarget, ita ce ta rufa wa yawancinmu asiri, kuma akwai masu kyau a ciki da za su yi miki shekaru in kin jiƙa su da gishiri a wankin farko kina shanya su a inuwa. Abin da ba na so shi ne a sayar mini da ta China a kuɗin ta Holan.

Kano kuma ita ce uwar ɗakinmu a harkar yadi, ko mu so ko mu ƙi. Tafiyar wajen kilomita 240 ce, yayin da Yamai ke neman kilomita 900, shi ya sa ɗinkin da ya fito a Kano kan riga na Yamai isowa nan. Mata da yawa da na sani da jarin adashi suke bi ta Matamaye ko Magariya su shiga Kantin Kwari, su dawo su raba kaya gida-gida, a biya ƙarshen wata. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, mun ga yadda kaya suka yi wuya, wanda ya shigo ta daji kuwa da kuɗin wahalarsa a kansa. A gefe guda naira ta faɗi ƙwarai a wannan tsakanin, mai sefa a hannu ta shiga Kwari tana jin kanta Hajiya. Sai dai sauƙin nan bai cika isowa hannun mai saye a gida ba. In kin yi magana a ce miki kuɗin mota, kuɗin hanya, kuɗin duwan. Wani gaskiya ne, wani kuma riba ce aka sa wa wani suna.

Duk wannan wahala a banza take in tela ya ɓata. Turmi yadi 6 ne, zane uku, kuma da na riga na yanke abin da kowane zane zai zama kafin in fita gida: riga, zanen ɗaurawa, ragowar kallabi da abin goyo ko rigar yarinya. Telana a Sabon Gari yake, dattijo ne, ba ya son ɗinkin waya. In kin nuna masa hoto sai ya kalle shi ya kalle ki ya ce, "Ƴata, wannan jikin wata ne." Da farko mata kan ji haushi, amma gaskiya yake faɗa. Taybas tana yi wa wata kyau, wata kuma bubu ce ke fito da ita. Ni na san kafaɗata, na san riga mai wuyan kwale-kwale da hannu zuwa gwiwar hannu ita ce tawa, ko ana yayinta ko an daina. Abu biyu nake roƙonsa kullum: ya bar mini sarari a cikin ɗinki don jiki ba ya zama yadda yake, kuma in shafi ya zama dole ya sa na auduga, ni zan kawo. Kuma kayan Sallah tun watan Rajab nake kai masa. Wadda ta kai a goman ƙarshe na azumi, ga ɗinki ya tule, ga wuta na ɗaukewa, almajirin tela ne zai yanka mata, ta kuma kwana a bakin shago daren Sallah.

Damina ba ta da wata doguwar magana. Zane ya ɗan ɗage daga ƙasa, takalmin roba, mayafin da ke bushewa da wuri. Jakar fata da takalmin dukawan garinmu, waɗanda nake alfahari da su ko'ina na je, sai in shafa musu mai in ajiye sai ruwa ya ɗauke.

Hunturu kuwa lokacin bosho ne, wato kayan gwanjo, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba na shiga ƙashi, atamfa ba ta tare shi. Rigar sanyi mai kyau, safa, wandon ciki mai kauri, duk a tulin bosho ake samun masu ƙarko, in kin je ranar da aka kwance sabuwar dila. Akwai wata Hajiya a layinmu da ke aiken yaro ya sayo mata don kada a gan ta tana tona tuli. Ni da kaina nake tsugunawa, don yaro ba zai duba hammata da zif ba. A saman rigar sanyin sai in naɗa lafaya, ba mai sanin abin da ke ciki. Lafaya dai ta zama tamu tun da daɗewa, da yake jinin Barebari a gidan sarautar Damagaram ma yake, ga Tubawa da Larabawa muna zaune tare. Mai kauri ta yi miki bargo a ɗari, mai laushi ta auduga ta yi miki inuwa a bazara. Abin da kawai zan ce, da ita da abaya da dogon hijabi, ki tattare su a cinya kafin kabu-kabu ya tashi. Bakin zane na shiga cikin taya, mata sun ji ciwo a kan haka ba ɗaya ba ba biyu ba.

Akwai zane guda da nake saye kowace shekara ba tare da hankici ko ashana ba, shi ne na 13 ga Mayu. Ranar ce a 1991 mata suka yi tattaki a Yamai suna neman a ba su wakilci na ƙwarai a kwamitin shirya babban taron ƙasa, daga nan ta zama ranar matan Nijar. Wata shekara zanen ya yi kyau, wata shekara kalar sai addu'a, ga shi a ƙarshen bazara ake sa shi. Ina saye dai, in yi masa ɗinki sakakke, bayan bikin ya koma kayan zaman gida.

Inda na fi shan rigima shi ne anko. Yanzu kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, bukukuwa sun taso, kowane biki da nasa. Wata uku ki tara zanen da ba ke kika zaɓa ba, wanda ba za ki sake sawa ba don duk unguwa ta san na auren wance ne. Ƴar yayata za a aurar bayan Sallah, ƙarshen Maris ke nan, kuma ƙawayenta sun turo hoton wani leshi ruwan zuma mai sheƙi wai shi za a yi. Na ce wa yayata, "Yaya, a tsakar gida za a yi wunin nan ko a Dubai? Su Gwaggo da za su zauna gaban tukunya tun hantsi fa?" Ta ce yara ne, a bar su su yi zamaninsu. Na ce su yi, amma a raba: ƴan mata su ɗauki leshinsu na daren walima, iyaye a fitar mana da atamfar auduga mai sauƙin kuɗi wadda ko mai ƙaramin ƙarfi a dangi za ta iya saye ba tare da ta ci bashi ba. Amarya ta yi fushi da ni kwana biyu, ta ce Anti ta cika tsohon yayi, wai saura in ce a yi ɗaurin ture-ka-ga-tsiya. Na ce in an yi ma ni zan ɗaura wa kowa. Yaya dai ta yarda za mu je Dole ranar Talata, ni da ita da uwar ango, a sauko mana da turame mu taɓa da hannu.