Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Kujerar Kwamitin Ɓeraye

Makon jiya na tsaya a inda aka dawo da ni sashen bincike bayan rasuwar Baffa, Allah Ya jiƙansa. Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗa, aiki ne da rainon yara, sai ranar da takarda ta zo wai an sa ni a kwamitin da ke duba yadda ake amfani da dabbobi wajen bincike. Ba don an ga cancantata ba ne, kujera ce da kowa ke gudu, kuma dole a sami likitan dabbobi a kanta. Yaya Babba da ta ji sai ta yi dariya, ta ce duk karatun nan ashe lauyar ɓeraye za ki zama.

Aikin a takarda ba wuya. Mai bincike zai cike fom ya faɗi dabbar da yake so, guda nawa, me zai yi musu, wace irin wahala za su sha, yaya za a kashe su a ƙarshe. Mu kuma mu auna da ƙa'idoji ukun nan da Russell da Burch, masanan Ingila, suka shimfiɗa a 1959: in akwai hanyar da ba sai an taɓa dabba ba a bi ta, in dole ne a rage yawansu, waɗanda suka rage kuma a sassauta musu azaba. Akwai mamba guda daga waje, wanda ba ma'aikacinmu ba ne kuma ba masanin kimiyya ba, kamar yadda tsarin Amurka ya tanada. Namu wani dattijo ne tsohon malamin makaranta, tambayarsa kullum ɗaya ce: "To, ya ji ciwo ko bai ji ba?"

Baffa yakan ce wanda ba ya iya kai ƙara, shi ake tsoron haƙƙinsa. A kan marayu yake faɗa, ni kuwa a ɗakin ɓeraye maganar ta riƙa dawo mini.

Don ɓera ba kasafai yake ihu ba. Dabba ce da ake farauta, ɓoye ciwonsa yake yi. Sai kin tsaya gaban keji kin zuba ido: ya runtse idanu, kunnuwa sun koma baya, gashin baki ya miƙe, ya dunƙule a lungu, gashin jikinsa ya yi buzu-buzu don ya daina gyara kansa. A 2010 ma wasu masana a Kanada suka fitar da ma'aunin gane zafi daga fuskar ɓera, da hotuna, na buga na manna a bango. Kafin nan hancina nake fara bi. In na buɗe ƙofa zarni ya sa ni hawaye, na san an kwana biyu ba a sauya garin katakon da ke ƙasan kejin ba, kuma abin da ya sa ni hawaye a minti ɗaya shi suke shaƙa dare da rana.

Akwai wani farfesa da zan ba ku labarinsa, ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani. Ɗalibinsa ya kawo fom, za a yi wa ɓeraye tiyata a ciki. Maganin sa barci an rubuta, gurbin maganin rage raɗaɗi bayan aiki kuwa fayau. Na mayar. Washegari sai ga shi da kansa, ko sallama babu.

"Dakta, ke ce kika tsayar mini da aiki? Ɓera ne fa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɓera ne, amma cikinsa za a farke."

Wai maganin zai ɓata masa sakamako. Na ce ai zafin ma yana ɓatawa, dabbar da ke cikin azaba ba ta ci, ba ta barci, sinadaran jikinta duk sun hargitse, me za ka auna? Na roƙe shi ya rubuta iyaka, cewa duk wanda ya zubar da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa a hutar da shi, kada a jira ya mutu da kansa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce lokacin da yake wannan aiki ina goye. A taron majalisar sashe ya kira mu masu hana ruwa gudu, aka yi dariya, har da waɗanda na taimaka wa ɗalibansu. Wannan dariyar har yau tana kunnena.

Kada a ɗauka ni mai adawa da binciken ce. Insulin, maganin ciwon sukari da Inna ta rayu a kansa shekara da shekaru, a jikin karnuka aka gano shi a Toronto a 1921. Na sa hannu a kan ayyukan da suka hana ni barci, don na ga amfaninsu. Har faɗa na yi da wani yaro da ya rage ɓerayensa fiye da kima don ya burge mu, na ce in sun yi kaɗan ba za su nuna komai ba, ka kashe su a banza ke nan. Amma wanda ba ya iya kai ƙara, in ji Baffa. Ko ranar da nake yi wa autana faɗa a kan kyanwar da ya kulle a ɗaki, bakin Baffa na ara, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba wanda bai san shi ba.

Farfesa dai ya yi aikinsa a ɓoye, ba izini. Da ya aika wa wata mujallar ƙetare, suka ce ina lambar amincewar kwamiti? Ranar ya yi sallama, har da tambayar yara. Buƙatarsa in rubuta masa takarda in sa mata kwanan wata na baya. Na ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ba zai hau ba." Ya wuce wurin shugaban kwamiti, wanda tsohon ɗalibinsa ne. Abin da shugaba ya yi, da yadda aka wayi gari an cire sunana daga jerin masu tafiya taro, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.