Sana'ar gyaran kaset, rediyo da kyamara a Maraɗi

Shagona ƙarami ne, yana wani lungu kusa da babbar kasuwar Maraɗi, kuma mu uku ne a cikinsa: ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Muna gyaran rediyo, rakoda, sifika da kyamarar ɗaukar hoto, muna kuma sayar da batir, caja, memori da abin sauraro na kunne. Ina yaron shago a wajen maigidana aka rage darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, kuma na ga yadda cikin ƴan makonni kayan da ake shigowa da su suka yi tsadar da mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya kusantarsu ba. Wanda a da zai jefar da rediyonsa ya sayi sabo, sai ga shi ya naɗo shi a tsumma ya kawo mana. A wannan lokacin ne hannuna ya faɗa, domin aiki ya yi wa maigidana yawa har ya fara sakar mini turnabis da ƙarfen narka dalma ba tare da ya tsaya a kaina ba.

Masu zuwa wurina iri biyu ne. Akwai mai buƙata, wanda abinsa ya lalace yana son ya tashi kafin la'asar, ya biya ya tafi. Akwai kuma mai sha'awa, wanda zai jawo benci ya zauna, ya tambayi dalilin lalacewar, ya roƙi a bar shi ya leƙa cikin injin kafin a rufe. Kuɗin cefane daga mai buƙata yake fitowa, wannan gaskiya ce, amma mai sha'awa ne ya hana ni barin gyaran tsofaffin kaya na koma sayar da talho kamar yadda yawancin abokan sana'ata suka yi. A cikinsu akwai malaman makaranta, ƴan kasuwa, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da dattawan da har yanzu ba sa yarda su ji labaran duniya sai ta gajeren zango, eriya a miƙe, yatsa a kan maɓallin nema.

Aikin kaset ne ya fi shiga raina. Kamfanin Philips ne ya fito da wannan ƙaramin kaset a 1963, kuma zarensa yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, ba ya ƙari ba ya ragi. Idan ka ji muryar mawaƙi tana jan jiki kamar mai jin barci, ko tana rawa, to kusan kullum robar da ke juya injin ce ta saki. Zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana narkar da wannan roba har ta zama baƙin danƙo mai manne wa yatsa, sai an bi ta da auduga da alkol a hankali kafin a ɗora sabuwa. Idan kuma murya ta dushe, kan da ke karanta zare ne ya yi datti, ko kuma ɗan audugar da ke danna zaren daga cikin kaset ɗin ya faɗi. Sabuwar roba daidai awo tana wuyar samu yanzu, shi ya sa ba na jefar da mataccen rakoda. Akwai kwali uku a ƙarƙashin teburina cike da waɗanda nake ciro kaya daga jikinsu.

Mutanenmu ba kiɗa kaɗai suka ajiye a kaset ba. A shekarun da talho bai wadata ba, wanda ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya, ko ya zauna a Makka, yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba matafiyi ya kawo gida, iyali su taru a tsakar gida su saurara, su ma su ɗauki amsa su mayar. Irin waɗannan ake kawo mini yanzu domin in juye su a memori. Aikin ba ya karɓar gaggawa, domin kaset mai lamba 90 minti 45 ne a kowane gefe, kuma sai ya yi tafiyarsa cikakkiya kwamfuta tana ɗauka, ni kuma ina zaune da abin sauraro a kunne ko zaren zai sarƙe.

Wata rana wani dattijo daga Tibiri ya zo da kaset guda a cikin aljihun babbar rigarsa, ya ce muryar mahaifiyarsa ce, wadda ta rasu shekaru masu yawa. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Ɗana, ba ni da wani sai wannan." Na ce, "Baba, in Allah ya yarda za ka ji ta yau." A saman kowane kaset akwai ƴan harsuna biyu na roba waɗanda idan aka karya su rakoda ba zai yarda ya yi ɗauka a kai ba. Na san wannan tun ina yaro, amma ranar ban duba ba, kuma da na zo kunnawa yatsana ya haɗa da jan maɓallin ɗauka. Kafin in farga, gaisuwar farko ta tsohuwar ta goge, hayaniyar kasuwa ta hau gurbinta. Na gaya masa gaskiya nan take. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in ci gaba da abin da ya saura. Da muryar ta fito tana sa wa jikokinta albarka ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya cire hularsa ya riƙe a hannu har gefen ya ƙare. Ban karɓi ko dala ba a wannan aikin. Tun daga ranar, duk kaset ɗin da ya shigo shagon nan sai an karya harsunansa a gaban mai shi kafin ya kusanci inji, kuma wannan ne darasin farko da nake ba kowane sabon yaro.

Kyamara kuwa ta sauya kama a gaban idona. Na tarar da zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya hoto 24 ne ko 36, mai ɗauka yana lissafin kowane dannawa, sannan a jira kwanaki kafin a wanke a ga abin da ya fito. Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma wannan fasahar ce daga baya ta durƙusar da kasuwar fim har kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Yau masu sha'awar hoto a garin nan yawanci Canon da Nikon na hannu suke riƙewa. Babban abokin gabarsu ƙura ce. Lokacin hunturu, idan buji ya taso, mutum ya kuskura ya cire gilashin kyamara a fili, ƙura za ta sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske, daga nan duk hoton da ya ɗauka sai an ga ɗigo-ɗigo a sararin samaniya, a wuri guda ba ya gusawa. Ina gaya musu su sauya gilashi a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, kada su hura da baki saboda yawu, kada kuma su goge da gefen riga, domin ƙurarmu yashi ce, tana karce gilashi karcen da ba ya gyaruwa. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, laima kan haifar da wata fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo a cikin gilashi, kuma rigakafinta mafi sauƙi shi ne ƴan ƙunshin da ake samu a kwalin sabon takalmi masu tsotse laima, a zuba su a jakar kyamara.

Samari sukan yi mini gardama cewa talhonsu yana da megafiksal 50, wato ɗigo miliyan 50 da ke haɗa hoto, kyamarar da nake yabo kuwa 12 kawai gare ta. Nakan ciro gilashin in nuna musu sensa da idonsu. Ta babbar kyamara milimita 36 ce a tsawo da 24 a faɗi, daidai girman hoton fim na da, ta yawancin talho kuwa ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Da rana tsaka bambancin ba ya fitowa sosai. Amma a je hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi lokacin da dawakai suka taso a guje cikin ƙura, ko filin kokawa dab da magariba, a nan ne ake gane wace ce ke tara haske da yawa cikin ƙiftawar ido. Duk da haka ba na raina talho, domin shi ne ya sa yara da yawa suka fara son hoto kafin su zo neman kyamara.

Sifikokin Bluetooth da suka cika kasuwa suna kawo mini aiki kullum. Lambar wat da ake rubutawa a kwalin yawancinsu ta fi ƙarfin abin da ke ciki nesa ba kusa ba, kuma abin da ke fara mutuwa shi ne batir, galibi irin dogon nan mai lamba 18650 da ke ba da bolt 3.7. Barin sa a rana ko kwana a kan caji yana kashe shi da wuri. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, layin masu sauya batir da masu neman rediyo mai sola ya kai bakin titi, kuma duk sa'ad da kuran ya dawo da ƙarfi sai an kawo mini caja da amfilifaya da suka ƙone. Kayan gyara daga Kano nake sarowa, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, shi ya sa rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya sa na koma kan kwalayen ƙarƙashin tebur fiye da kowane lokaci.

Ƙaramin yarona, wanda aka haifa bayan kaset ya daina yayi, ya tsinci wani Walkman na Sony, ƙaramin injin kaset da ake yawo da shi a jiki, a cikin kwalin, irin wanda aka fara sayarwa a 1979. Ya yi mako biyu yana neman robar da za ta dace da shi, yana auna tsohuwar da zare, har ya same ta a jikin wani mataccen rakodan mota. Jiya da safe na iso shago na tarar ya riga ni buɗewa, abin sauraro a kunnensa, ya ce, "Maigida, zo ka ji, muryar ta daina rawa."