Yadda na gano kwamfutata ta san layin gidanmu a Daura

Ni ne ke riƙe da lissafin wasu 'yan kasuwar hatsi a Daura, kuma aikin yakan kai ni Mai'adua da Zango da kwamfuta a jaka. Wata rana da daddare na buɗe taswira domin in duba nisan wata hanya, sai na ga ɗigo ya sauka daidai layinmu, alhali kwamfutar ba ta da GPS, ban kuma taɓa rubuta adireshina a cikinta ba. A zamanin da ɗan kasuwa ke ɓoye ranar tafiyarsa ko ga maƙwabci saboda masu garkuwa da mutane, wannan abu ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Da safe na kai wa ƙanena mai gyaran waya, ya ce, "Yaya, ai ba sai da GPS ba." Ya bayyana mini cewa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana jiyo na'urorin Wi-Fi da ke kewaye, ko da ba a shiga su ba, sai ta aika lambobinsu da ƙarfin siginarsu zuwa rumbun kamfani, inda tuni aka san mazaunin yawancinsu saboda wayoyi masu GPS sun sha giftawa ta gefensu. Ashe na'urar maƙwabcina ce ke nuna ƙofata.

Matsalar ta daɗe. A 2011 masu bincike biyu, Alasdair Allan da Pete Warden, sun gano cewa iPhone na adana tarihin wurare na watanni a wani fayil da ba a kulle ba. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna cewa Google na ci gaba da adana wurin mutum bayan ya dakatar da saitin adana tarihin wurare, kuma a 2022 kamfanin Google ya amince ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5. Wannan ya sa ban tsaya kan maɓalli ɗaya ba.

Na shiga sashen sirri na saituna na kashe gano wuri baki ɗaya, na goge tarihin da ya taru, na bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya ina janye izini, har da ta hasashen yanayi wadda ban taɓa zargi ba. Daga nan na shiga asusuna na intanet, domin abin da aka riga aka aika can ba ya gogewa da kashe saitin kwamfuta.

Yanzu taswira takan ajiye ni a wani babban birni mai nisa, tana kirdado daga lambar intanet ta layin da nake amfani da shi. Sai dai na rasa damar gano kwamfutar idan aka sace ta a mota, kuma na yarda da wannan rashi bayan na shawarci 'yan kasuwar da nake riƙe wa lissafi. Duk lokacin da babbar manhajar kwamfutar ta sabunta kanta, nakan koma in duba saitunan kafin in buɗe littafin lissafi.